Filin Tambaya: Wuƙar 'yan karta da ta kai har teburin shugaban ƙasa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganganun Turanci waɗanda asalinsu daga wajen caca suka fito, toh sai na ce bari kawai in haɗa su waje ɗaya in huta. Masu tambaya kan nahawu ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ma'aikaciya ce, ran nan wajen mitin oganmu ya fusata yana ta faɗa wai kowa a ofis ɗin sai "passing the buck" yake yi, can ƙarshe ya buga tebur ya ce "the buck stops here". Na dai gane faɗa ne akan aikin da ba a yi ba, amma dana duba ƙamus sai na ga wai buck namijin barewa ne. Toh me ya kawo barewa cikin mitin kuma? Daga wata ma'aikaciya a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam malama. Ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba, barewar na ciki, sai dai ƙahon ne kawai ya iso mitin ɗin naku.

Bari mu fara da ma'ana. In Bature ya ce wane yana "pass the buck" yana nufin mutum ya zame ya tura wa wani nauyin da ke kansa, ko aiki ne ko yanke hukunci ko ɗaukar laifi. Kin san yanda ake yi ai, ki je neman a sa miki hannu a takarda ɗaya tal, na farko ya ce ai ba teburina ba ne je ki ga akawu, akawu ya ce fayil ɗin yana ofishin oga, oga ya yi tafiya, mataimakinsa yana zaune yana danna waya amma ya ce shi ba a ba shi izini ba ki dawo ran Litinin, ran Litinin kuma a ce ai wanda makullin durowa ke hannunsa ya je gaisuwar mutuwa. Babu wanda ya ce miki a'a, babu kuma wanda ya yi aikin. Toh wannan zagayen shi ne abun. Ita kuma "the buck stops here" kishiyarta ce, ma'ana magana ta tsaya a kaina, ba wanda zan tura wa.

Asalinta daga wasan karta ne da ake kira poka, wanda ya yi ƙarfi a Amurka cikin ƙarni na 19. Ya fara bunƙasa a yankin New Orleans, ya bi jiragen ruwa masu tururi da ke hawa da sauka a kogin Mississippi, daga nan da aka gano zinare a Kalifoniya a 1848 mutane suka kwarara yamma sai wasan ya bi su har garuruwan masu haƙar ma'adinai. Garuruwa ne na maza zalla kusan, ga kuɗi a hannu, ga giya, ga bindiga a ƙugu, hukuma kuma tana nesa. A irin wannan teburin duk wanda karta ke hannunsa yana rabawa shi ne abun zargi, domin mai rabo shi ke da damar maguɗi, zai iya zaro kati daga ƙasan tarin maimakon sama, zai iya jera su tun wajen cakuɗawa yanda abokinsa zai samu masu kyau. Kuma ko bai yi komai ba, in ya raba ya kuma cinye, toh idanu sun dawo kansa.

Maganin da suka samo shi ne kar rabo ya zauna a hannun mutum ɗaya, ya dinga zagayawa. Don kar a yi musun layin waye, sai a ajiye wata alama a gaban wanda zai raba na gaba, alamar nan kuwa galibi wuƙa ce, don a wancan zamanin ba mai rasa wuƙa a jikinsa, kuma da dama daga cikinsu ƙotarsu da ƙahon namijin barewa ake yi. Sunan irin wannan ƙaho a Turanci buckhorn, sai aka gutsure ya koma buck. In an gama zagaye sai a tura wuƙar gaba. In kuma layi ya zo kan mutum ya ga shi ba ya son ɗaukar wannan rigimar, yana iya turawa na kusa da shi. Ka ji "pass the buck", miƙa wuƙa kenan a zahiri. Tebur-tebur dokar takan ɗan bambanta, wasu cikin kuɗin da aka zuba suke jefa alamar wanda ya ci ya ɗauke ta tare da nauyin da ke biye da ita, amma dai manufar ɗaya ce. Har yau a gidajen caca akwai wani ɗan faifai fari da ake turawa daga ɗan wasa zuwa ɗan wasa, jikan waccan wuƙar ne.

Marubucin nan Mark Twain ya zauna a garin Virginia City na jihar Nevada lokacin da ake haƙar azurfa, yana aikin jarida, kuma a littafinsa Roughing It na 1872 maganar ta fito. Akwai wajen da wani ƙato ɗan gari ya je gun fasto yana so a zo a yi wa abokinsa jana'iza, shi yana zuba yaren 'yan caca, fasto yana zuba Turancin littafi, kowa na kallon kowa ba mai gane wani. A cikin abun da ƙaton ya faɗa har da wannan magana, kuma a bakinsa ma'anarta kawai ni na kasa, wuce da ni. Wato a lokacin yaren 'yan tebur ce, mutumin kirki mai ilimi bai ma san ta ba. Sai wajen farkon ƙarni na 20 ta fito fili da ma'anar da muka sani yanzu ta zillewa nauyi.

Abun da ni yake ban sha'awa a tarihin nan, a teburin karta miƙa wuƙa ba abun kunya ba ne ko kaɗan. Hasali ma don a yi adalci aka ƙirƙiro ta. Wuƙar tana nan a fili kowa na ganinta, wanda ya tura kowa ya ga ya tura, wanda ta tsaya a gabansa ba shi da bakin cewa bai sani ba. Da maganar ta shigo ofis sai ta lalace, don a ofis ba wuƙar da ake gani, shi ya sa za a yi wata shida ana neman wanda takarda ta maƙale a hannunsa a rasa. Wallahi ta wannan fuskar 'yan cacan sun fi wasu ma'aikatan tsari.

Sai kuma rabi na biyu na maganar oganku. Wanda ya sa ta shahara shi ne Harry Truman, shugaban Amurka na 33. Mutumin nan kwana 82 kacal ya yi yana mataimaki sai shugaba Roosevelt ya rasu ran 12 ga Afrilu 1945, mulki ya faɗo kansa ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma cikin wata huɗu shi ne ya amince aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Wani abokinsa Fred Canfil, jami'in tsaro na tarayya a jihar Missouri, ya kai ziyara wani gidan gyara hali a El Reno cikin jihar Oklahoma sai ya ga ɗan allo da wannan rubutu, ya nemi a yi wa shugaba irinsa. A gidan aka yi shi, gilashi ne mai fenti aka dasa a kan katako, aka aika masa a watan Oktoba 1945. Gaba an rubuta "The Buck Stops Here", baya kuma an rubuta cewa shi ɗan Missouri ne. Allon ya zauna a teburinsa, yanzu yana ɗakin adana tarihinsa a garin Independence, Jimmy Carter ma da ya hau sai da ya aro shi.

Truman kuwa ya san ainihin abun da yake faɗa don shi kansa gwanin poka ne. A watan Maris 1946 a cikin jirgin ƙasa kan hanyarsu shi da Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ta zuwa garin Fulton, inda Churchill ya yi jawabinsa da ya yi suna akan labulen ƙarfe, wato rabuwar Turai tsakanin ɓangaren Tarayyar Soviet da ƙasashen yamma, karta suka zauna bugawa, kuma waɗanda ke wajen sun ce Churchill ne ya sha kashi. A jawabinsa na bankwana a Janairu 1953 Truman ya sake maimaita maganar, ya ce shugaban ƙasa ko waye shi dole shi zai yanke hukunci, ba wanda zai tura wa. Tun daga nan ta zama kamar gado a bakin shugabannin Amurka. Obama ya faɗe ta a Janairu 2010 bayan yunƙurin tada bam ɗin nan na ranar kirsimeti a jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit, maimakon ya tsaya nuna hukumomin leƙen asiri da yatsa sai ya ce a ƙarshe abun a kansa yake tsayawa.

Toh a nan ne zan ɗan ja hankali, don na lura da yawan manyanmu sun juya maganar. Suna faɗinta da nufin ni ne oga, abun da na ce shi za a yi, kowa ya yi shiru. Ba haka take ba. Mai cewa "the buck stops here" cewa yake in abu ya ɓaci ni za a kama, kar a nemi masinja ko ƙaramin akawu. Da Hausa mafi kusa da ita shi ne kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka malama in oganku ya faɗe ta sannan washegari ya rubuta wa na ƙasa da shi takardar tuhuma akan abun da shi ya kamata ya sa wa hannu tun watan jiya, toh ya yi ta farkon ne yana kiran ta biyun. Amma fa ban ce ki je ki gaya masa ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. A fina-finan Amurka ina jin suna cewa "ten bucks", "fifty bucks" in suna maganar dala. Wani abokina ya ce daga caca kalmar ta fito, wai da dalar azurfa ake ajiyewa a gaban mai raba karta. Haka ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, tambayarka ta zo daidai gaɓa. Abokinka ya ji wani abu amma ya haɗa biyu. Gaskiya ne daga baya wasu teburan sun koma ajiye dalar azurfa a madadin wuƙa, shi ya sa wannan bayanin ke yawo. Sai dai buck na ciniki ya girmi poka nesa ba kusa ba. Tun kafin a yi dalar Amurka ma, Turawan da suka je can suna ciniki da mutanen ƙasar na asali da fatar barewa, ita ce ma'aunin farashi, a ce abu kaza fata kaza ne. Akwai wani tafinta Conrad Weiser da ya rubuta a littafin tafiyarsa a 1748, lokacin da ya je yankin Ohio, cewa za a sayar da gangar barasa a kan buck biyar, fata biyar kenan. Da kuɗin ƙarfe da na takarda suka zo sai sunan ya maƙale musu.

Mu ma ai haka muka yi. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wurin nan da kakanninmu ke ƙirgawa a kasuwa, wuri ya tafi tuntuni amma yau ko taransifa ka yi ta waya kuɗi za ka ce ka tura. Saboda haka dabba ɗaya ce ta ba da kalmomin biyu, na dala daga fatarta, na karta daga ƙahonta, kar ka fassara "pass the buck" da miƙo dala a jarrabawa a yi maka dariya.

TAMBAYA: Malam wai jackpot sunan wani mutum ne Jack da ya taɓa cin tukunyar kuɗi? Haka wani ya faɗa a majalisarmu har aka yi ta musu. Daga wani tela a Maraɗi.

AMSA: Hahaha, maigida wannan mai bayanin a ba shi shayi ya huta. Ba wani Jack mai tukunya. Jack sunan kati ne, wanda ke da harafin J da hoton saurayi, yana ƙasa da Q da K. Shi kuma pot, eh tukunya ce a asali, amma a bakin 'yan karta tarin kuɗin da aka zuba a tsakiyar tebur ake nufi.

Yanda abun yake, a wani nau'in poka da ya yaɗu a Amurka wajen shekarun 1870, kafin a raba kowa zai zuba ɗan wani abu a tsakiya. In an raba, ba wanda ke da ikon buɗe wasa sai mai riƙe da J guda biyu ko abun da ya fi su. In aka duba ba mai shi, sai a tattara karta, kowa ya sake zubawa, a sake rabawa. In aka sake rasawa a sake zubawa. Haka kuɗin zai ta hawa yana taruwa har a dace, wanda ya ci a ƙarshe sai ya kwashi abun da ya ninka na kullum sau da yawa. Daga nan sunan ya koma kan injinan caca masu hannu da ake ja, sannan irin su lotiri, sannan ya shigo maganar yau da kullum, in mutum ya samu wani babban rabo ba zato sai a ce ya "hit the jackpot", ko aiki ne ko mata ta gari ko kwangila. Mu sai mu ce ya tsinci dami a kala.

Amma ka lura da yanda tarin ke girma tun a asalinsa, kuɗin waɗanda suka zuba ba su samu ba ne. Ba daga sama yake faɗowa ba. Yaran da ke cika shagunan bet suna kallon allo suna cewa saura wasa ɗaya tikitina ya yanke, su ne masu cika tukunyar, hoton mutum ɗaya da ya ci ake nuna musu ba a nuna dubban da suka tara masa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na yi koyarwa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. Jikana ya nuna min cewa maganganu da yawa da muke koya wa yara a darasin Turanci daga caca suka fito, abun ya tsaya min a rai. Tunda caca haramun ce, ya dace musulmi ya riƙa amfani da su? Daga wani tsohon malamin makaranta a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri akan yaran da aka koyar. Haramcin caca kam ba musu a kai, aya ta 90 a suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya ta ce a nisance su, aya ta 219 a Baƙara ma ta yi magana a kansu. Fatawa ta malamai ce, ni ɓangarena harshe ne, amma ta wannan ɓangaren ina da abun da zan ɗan kawo wanda nake ganin zai kwantar maka da hankali Baba.

Larabci da kansa yana da irin wannan. Cacar da Alƙur'ani ya kira maisir, yanda Larabawan jahiliyya ke yinta shi ne a yanka raƙumi a kasa naman, a kawo kibau goma marasa kai a zuba a jaka. Bakwai suna da rabo, na farko kaso ɗaya, na biyu kaso biyu, haka har na bakwai mai kaso bakwai, ukun da suka rage kuma ba su da komai, wanda suka fito da sunansa ya tashi a tutar babu kuma kuɗin raƙumin na kansa. Kowace kibiya da sunanta, ta bakwai ɗin mai rabo mafi tsoka ita ake kira almu'alla. Musulunci ya zo ya kashe wannan caca, amma har gobe in Balarabe masani zai yabi wani ya ce ya fi kowa rabo a fagen ilimi ko waƙa ko fasaha, sai ya ce "lahul ƙidhul mu'alla", wato kibiyar nan ta bakwai tasa ce. Za ka tarar da ita a rubutun manyan malamai suna yabon junansu da ita, ba wanda ya ce sun yi caca.

Haka harshe yake Baba, aiki yakan mutu kalma ta rayu ta koma wani gida. Mu ma a nan mutum zai ce noman bana caca ne, ko siyasa caca ce, yana nufin ba tabbas, alhali bai taɓa riƙe karta ba a rayuwarsa. Yaron da ka koya wa "above board" ka koya masa yanda zai ce abu gaskiya ne ba rufa-rufa, ba ka koya masa zama a tebur ba. Ni a ganina ma sanin asalin yana da amfani, don kusan duk maganganun nan in ka tona za ka ga tsoron cuta da zargi da asara ne a ƙarƙashinsu, su kansu masu yin abun shaida suke bayarwa akan yanda yake.

TAMBAYA: Malam a taƙaice dan Allah, "above board" da "blue chip". Ina yawan ganinsu a shafin kasuwanci na jarida. Daga wata 'yar kasuwa a Kumasi.

AMSA: Toh Hajiya a taƙaice. Board a tsohon Turanci tebur ne. Ɗan karta mai niyyar cuta yakan sauke hannunsa ƙasan tebur ya musanya kati, saboda haka wanda ya bar hannayensa a sama kowa na gani shi ne mai wasa tsakani da Allah. Maganar ta haura shekara 400, kuma Samuel Johnson a ƙamus ɗinsa na 1755 haka ya bayyana ta, ya ce daga 'yan caca aka aro. In an ce ciniki "above board" ne, toh a fili aka yi shi ba ƙumbiya-ƙumbiya. Akwai masu cewa wai daga jirgin ruwa ne, 'yan fashin teku na ɓuya a ƙasan jirgi, labari ne mai daɗi amma na tebur ɗin shi ke da hujja a rubuce.

Shi kuma "blue chip", a poka ba a cika zuba tsabar kuɗi ba, wasu 'yan fayafayai ake saya masu launi, a tsohon tsari fari shi ne ƙarami, ja na tsakiya, shuɗi mafi tsada. A shekarun 1920 wani ma'aikacin kamfanin Dow Jones mai suna Oliver Gingold ya ga hannayen jarin da ake sayarwa dala 200 zuwa sama sai ya kira su da wannan suna, ya kuma bi su. Yanzu ana nufin manyan kamfanoni da suka kafu aka yarda da su, a kasuwar hannun jari ta Najeriya za ki ji ana sa irin su Dangote Cement da MTN da Nestle a wannan layin. Abun dariyar dai, kalmar da ake nufin jari mai kwanciyar hankali da ita daga teburin caca aka ɗauko ta. Kuma sunan ba garanti ba ne Hajiya, babban kamfani ma farashinsa na faɗuwa.

TAMBAYA: Yaya Malam, in an ce ƙungiya ta ci wasa "hands down" ana nufin ɗayan ɓangaren sun sauke hannu sun sallama ne? Daga wani mai kallon ƙwallo a Jos.

AMSA: A'a ƙanena, hannun wanda ya ci ne ke sauka ba na wanda aka ci ba. Daga sukuwar dawaki ta Ingila ta fito cikin ƙarni na 19, inda ake zuba kuɗi akan doki. Mahayi in ana kankankan hannunsa na sama yana aiki da linzami da bulala har a ƙetare layi. In kuwa ya waiga ya ga ya ba su rata mai nisa ba mai kamo shi, sai ya sauke hannu ya sassauta linzami ya bar dokin ya ƙarasa da kansa. Saboda haka ma'anarta an ci cikin sauƙi ba ko gumi. In wasa ya kai minti 90 ana ɗaya da ɗaya sannan aka samu fanareti aka ci da ƙyar, wannan ba "hands down" ba ne ko da magoya baya sun faɗa, amma huɗu da nema tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, wannan kam ka faɗe ta ba mai musa maka.